Matar da ta koya mini shan ruwa

Kusan shekara talatin ke nan ban buɗe baki a kan wannan ba. 'Ya'yana ma guntu-guntu suka sani. Jiya wata ta rubuto mini, ta ce an fara yi mata wankin ƙoda, ƙishirwa na neman haukata ta. Shi ya sa na zauna rubutu.

A tsakiyar shekarun casa'in muna zaune a Plumstead, wata unguwa a London, maigidana yana karatu. Ƙafafuna suka fara kumbura, na ce sanyin London ne. Takalmi ya daina shiga. Sai amai, sai gajiya, hawa bene ɗaya sai na huta sau biyu.

Aka ɗibi jini, aka ɗibi fitsari, aka yi hoto. Likita ya ce ƙodojina biyu sun daina aiki. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Magani kyauta ne, alhamdu lillahi. Amma sau uku a mako ina kan kujera awa huɗu, allura biyu a hannu, inji na wanke mini jini. Kuma aka yanka mini ruwa: kofi biyu da ɗan ɗori a yini, har da shayi, har da miya.

Ni da na tashi a Zariya, randa a bakin ƙofar ɗaki!

Sai na samo dabara. In na zo kurkure baki a alwala, ɗaya nakan zubar, biyu su wuce ciki. Na koma mai yawan nafila, kuma alwalata ba ta daɗewa sai na ce ta karye, in sake wata. Maigida har yabona yake: “Maman Ummi, ciwon nan ya ƙara miki ibada.”

Kafin a ɗora mu a inji sai an auna nauyinmu. Nas ɗinmu, 'yar zangon Ghana, ta dubi ma'auni ta dube ni. “Hajiya, kai ya sha ruwa. Scale ba ya ƙarya.” Na ce ban sha ba. Ta ce ruwa dai ba ya tsami banza.

Wata safiya numfashi ya gagare ni. Ruwa ya taru a huhu, sai da motar asibiti ta zo. Likita bai ɓoye ba: in na ci gaba, zuciyata za ta tsaya kafin a samo mini ƙoda.

A kujerar kusa da ni akwai Zenaida, ita ma wankin ƙoda ake mata. Aikin gida ya kawo ta London daga arewacin Kolombiya. Mutanenta ana ce musu Wayuu, makiyaya awaki ne a busasshiyar ƙasa. Turancinmu duka gurgu ne, amma muna gane juna. Da na dawo ta ce, “Na daɗe ina ganinki a wurin famfo. Maƙogwaronki na motsi.”

Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ba ni labarin uwarta, mai kora jaki tun asuba zuwa tafki. Ruwan da aka wanke fuska da shi ake wanke kwano, na kwano kuma awaki su sha. Ta ce tun da aka fara haƙar kwal a ƙasarsu rafuka suka ja baya, baƙar ƙura ke kwanciya a kan tafki, sai an tace da zane. Wasu ƙauyukan an tashe su, sun bar kaburburan iyayensu.

“Uwata tana da ƙoda, ba ta da ruwa,” in ji ta. “Ke kina da famfo. Ita ba ta taɓa satar rabon gobe ba.”

Ta fito da ɗan ƙoƙo, bai kai ludayi ba. Da safe takan zuba rabonta na yini a kwalba. Kurɓi ɗaya, ta riƙe a baki har ya yi ɗumi, ta ambaci sunan wani na gida a zuci, sannan ta haɗiye. Haka uwarta ke yi in rani ya tsananta. Ban taɓa ganin mai girmama ruwa irin matar nan ba, wallahi.

Na yi istigfari, na koma alwala ta gaskiya. Na sayi kwalba. Da wuya, wasu ranakun har kuka nake, amma ma'auni ya daina tona mini asiri.

Bayan shekara biyu aka yi mini dashen ƙoda. Likita ya ce yanzu in sha ruwa da yawa.

Da na warware na je gaishe ta. Tana nan a kujerarta, leɓɓanta a bushe. Na ɓoye kwalbata a jaka don kada ta gani. Ta sa nas ta ciko babban kofi, ta miƙo mini da hannunta mara allura.

“Sha duka,” ta ce. “Ina so in ga mutum ya ƙoshi.”

Na shanye ina hawaye, tana dariya. Ita ba ta samu ƙoda ba. Damina biyu bayan nan ta rasu.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana da nas ɗin nan, da iyalan da suka ba da ƙodar ɗan'uwansu da ya rasu ga wadda ba su sani ba.

In ƙafarku ta kumbura, ku je a duba jini da fitsari, kada ku jira. In an yanka muku ruwa, kada ku yi wa ma'auni ƙarya. Ke kuma da kika rubuto mini, auna rabonki da safe, nemi ƙaramin kofi, ki riƙe kurɓin a baki. Zai kai ki magariba, in sha Allahu.