Malamar Da Ta Kayar Da Ni A Kan Makomar 'Yata

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa makaranta. Maigadi ya ce shekara ashirin da shida ke nan bai damu da agogo ba, da ya hango ta ta sauko daga motar haya da ƙatuwar jakarta a kafaɗa ya san lokacin buɗe babbar ƙofa ya yi. Ofishinta na ba ɗalibai shawara tun asali ba ofis ba ne, sito ne da ake jibge karyayyun kujeru, tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin malamai. Ita ta share shi da hannunta, ta sa aka fasa taga, ta shigo da kujeru uku da kabad biyu. Teburinta ma jikin bango ta tura shi, don ba ta son katako ya shiga tsakaninta da yaron da take magana da shi.

A cikin kabad ɗin nan kowane ɗalibi yana da fayil nasa, tun daga ranar da ya shiga aji huɗu har ya fita. Ba maki kaɗai ne a ciki ba. Za ka ga ta rubuta, “Wannan ba ya iya zama wuri ɗaya, amma in ka ba shi lissafi mai wuya har hutun cin abinci yake mantawa.” Ko kuma, “Wannan ita ke raba faɗa a aji, kuma duk ɓangarorin biyu suna jin maganarta.” Kowane zango sai ta zauna da kowane yaro rabin awa, shi kaɗai, ƙofa a buɗe.

Yara ne suka sa mata suna Malama Sai-Me, har malamai 'yan'uwanta suka manta da sunanta na yanka. Yaro zai ce mata, “Malama, zan gama sakandare.” Ta ce, “To, sai me?” Ya ce zai shiga jami'a. “Sai me?” Ya ce zai karanta kaza. “Madalla. Ranar Litinin da safe, me mai wannan aikin yake yi?” Nan yaro zai fara sosa ƙeya, ya ce gaskiya bai sani ba. Sai ta tafa hannu ta ce, “Yawwa! Yanzu muka fara magana.”

Wannan baiwar Allah ce ta yi ritaya makon jiya, kuma wallahi na daɗe ina neman inda zan faɗi abin da ta yi mini.

Ni ba malami ba ne, kemis nake da shi a bakin titi. Ina da 'ya'ya biyar, kuma tun Auta tana rarrafe na yanke cewa ita ce likitar gidanmu. Har “Dakta” nake kiranta a gaban baƙi. Makinta kuwa ba ya ba ni kunya. Kwatsam wata rana, tana ajin ƙarshe, ta dawo da takarda daga wurin Malama mai ɗauke da hanyoyi uku da za ta iya bi bayan jarrabawa. Likitanci yana nan, amma a ƙasa. Abin da ke sama shi ne karatun gyara da kula da na'urorin asibiti.

Washegari ko kemis ban buɗe ba na nufi makaranta. Ban ma gama sallama ba na ce, “Malama, 'yata kika mayar bakanike?”

Ta miƙa mini kujera ta ce, “Sannu da zuwa, Baban Auta. Zauna mana, faɗan zai fi daɗi a zaune.” Ta jawo fayil ta buɗe a cinyarta. “Watan jiya firjin da kake ajiye allurai ya tsaya, ko ba haka ba?”

Na ce, “Ya tsaya, amma washegari ya tashi da kansa.”

Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, “Firji ba ya tashi da kansa, Baban Auta.”

Ashe Auta ce ta kwance bayansa da sukundireban yayanta lokacin da na fita sayo kaya, ta gano wayar da ta ƙone, ta canza ta, ta ɓoye mini don kada in yi faɗa. Malama ta ci gaba da karanto mini: fankar aji biyar, lasifikar taron safe, ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje. Duk a gaban idona yarinyar nan ta girma, amma sai a fayil ɗin wata na san ko wace ce.

Duk da haka ban sauko ba. Na ce gyaran fanka wasa ne, likitanci kuma rayuwa ce. Ta ce, “Ban ce kada ta zama likita ba, makinta ya isa. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ba ni ita kwana uku a wannan hutun, ta bi wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin nas a babban asibiti. In ta dawo ta ce likita take so, ni da hannuna zan cike mata fom.” Na yarda da sauri, don a raina na ce da ta ga farar riga shi ke nan, na ci gardama.

Nas ɗin ce ta ba ni labarin abin da ya faru, tana dariya har da riƙe ciki. Ranar farko, ko awa ɗaya ba a yi ba, aka shigo da wani mutum da ya yanke a ƙafa. Auta ta ga jini, ta ce “Anti, jiri,” sai ga ta a ƙasa. Aka ɗauke ta aka kwantar a benci a baranda, aka yi mata fifita. Nas ta je ta gama ɗinki ta dawo, babu Auta babu labarinta. Hankalinta ya tashi, ta bi ɗaki ɗaki tana tambaya. A can ƙarshen baranda ta same ta, a ɗakin gyara, ta naɗe hannun riga, kanta cikin injin da ke ba marasa lafiya iska, tsohon injiniyan asibitin na riƙe mata tocila! Sauran kwana biyun a nan ta yi su. Da yamma sai an kore ta take tafiya gida.

Injiniyan da kansa ya kira ni ya ce, “Maigida, shekarata talatin a wannan ɗaki ina neman wanda zan bar wa. Don Allah kada ka hana yarinyar nan.”

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Mako biyu na yi ina amsa gaisuwar Auta da ka kawai. Mamansu ta gaji ta ce mini, “Kai kake son farar rigar nan, ba ita ba. In ta matsa maka haka, ka koma makarantar da kanka.” Malama kuwa ko sau ɗaya ba ta matsa mini ba. Ta aiko mini da takarda guda: makarantun da ke koyar da wannan karatu, darussan da ake bukata, shekarun da yake ɗauka, wuraren da ake ɗaukar masu shi aiki, da lambar wata mata da ke yin sa don in tambaye ta duk abin da nake tsoro. A ƙasa ta rubuta ranar da za a rufe karɓar fom. Na kira matar, muka yi kusan awa ɗaya. Ranar ƙarshe da azahar na sa hannu a fom ɗin, Auta ta fizge shi ta ruga da gudu ko takalmi ba ta ɗaure ba.

Yau shekara tara ke nan. Auta ce ke riƙe da ɗakin gyaran nan. Bara kwalbar da ake saka jarirai bakwaini ta daina aiki, ga jariri a ciki, babu wata a kusa. Nas ta ce uwar jaririn tana tsaye tana kuka, Auta ta durƙusa da kayan aikinta, cikin minti ashirin fitila ta kawo, ɗumi ya dawo. Yaron nan yanzu yana tafiya. Da na ji labarin sai da na shiga bayan kantar kemis na share ido.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ranar Asabar da aka yi taron bankwana, zauren makaranta ya cika har tagogi. Wani mai walda ya miƙe ya ce sau uku Malama ta zo garejinsa yana korarta, yana cewa ba shi da lokacin 'yan boko. A na huɗu ta zo da kujerarta ta zauna a bakin ƙofa har ya yarda ya karɓi ɗalibai biyu na mako ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ke zana masa ƙofofi a kwamfuta. Wata uwa ta ce ɗanta ya faɗi jarrabawa ya kulle kansa a ɗaki kwana huɗu, Malama ta zo har gida da fayil ɗinsa, ta tsaya a bakin ƙofa tana karanta masa abubuwan da ya iya ɗaya bayan ɗaya har ya buɗe. Ya sake rubuta jarrabawar ya ci, yanzu yana koyar da lissafi. Matuƙin jirgin ruwa, mai gidan burodi, lauya, mai ɗaukar hoto, kowa na tashi ana tafi kamar rufin zai yaye.

Malama, ke ce kika ƙi auna yaranmu da ma'auni ɗaya. Ke ce mai kallon yaro har sai kin ga abin da iyayensa suka tsallake. Ba ki taɓa yi wa ɗalibi ƙarya don ya ji daɗi ba, ba ki kuma taɓa raina sana'ar kowa ba. Kin sha faɗan iyaye irina, kin haɗiye, kin ba mu kujera. Kuma abin da ya ƙara miki girma a idona shi ne da kika tashi a taron kika ce akwai yaran da kika yi wa kuskuren shawara, da waɗanda suka ɓace miki, kina tuna su ɗaya ɗaya, kina neman su yafe miki. Uwar masu neman hanya, mun gode, mun gode. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da ya fi wanda kika yi mana.

Ga sauran makarantu kuma, ku nemo malami ɗaya mai haƙurin sauraro, ku ba shi ɗaki da lokaci. Iyaye, kafin ku zaɓa wa yaro makoma ku tsaya ku ga abin da yake yi in ba kwa kallonsa. Masu sana'a, ku buɗe wa yara ƙofa su ga aiki da idonsu.

Wannan na ƙarshen ma ita ta ɗora mana shi. Kafin a tashi daga taron ta ce ba ta son kyautar kowa. Ta ciro farar takarda ta miƙa wa matashiyar malamar da za ta gaje ta, ta ce a zagaya da ita, kowa ya rubuta sana'arsa da ranar da zai iya karɓar ɗalibi ɗaya. Takarda ɗaya ba ta isa ba, sai da aka yago shafi shida daga littafin maigadi. Ni na rubuta Talata. Jiya aka turo mini ɗalibi na farko, kuma har ya gano cewa rabin magungunan da ke saman kantata ba a jere suke daidai ba.