Asabar ɗin da Baba ya narka kitse

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan sadakar arba'in ɗin Umma, a ƙarshen daminar 1994, na fito tsakar gidanmu na Yelwa na tarar da Baba tsugune gaban murhu, ya naɗe hannun riga, yana narka kitsen saniya a tukunyar da Umma take dafa wake. Ban taɓa ganinsa gaban murhu ba. Malamin tarihi ne, ya yi karatu a Amurka tun ba a haife ni ba, kuma babu abin da ya sani kamar zaman Turawan da suka fara tsallaka teku suka kafa ƙauyuka a can, lokacin ƙasar tana hannun Ingila. Ya miƙo mini zaren auduga ɗaure a jikin kara, ya ce, "Hadiza, tsoma ki cire, ki bari ya sha iska, ki sake tsomawa. Haka yaransu suke yin kyandir." Na tsoma. Kitsen yana ƙauri, ƙudaje sun taru, kaji suna zagaya mu. Ban tambayi dalili ba.

Shekarata tara, ni kaɗai ce gare su, kuma tun da aka fita da Umma ban yi kuka ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa, "Yarinyar nan akwai dauriya." Ba dauriya ba ce. Jikina ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya, in tafi makaranta, in yi 'yar carafke da 'yan ajinmu a gindin darbejiya. In na ci, shi ke nan. In an cinye ni, shi ke nan.

Daga ranar, kowace Asabar da aikinta. Mun tace toka mun gwada sabulu, ya ƙi daskarewa. Mun daka masara a turmi, Baba yana riƙe taɓarya kamar mai tsoron ta cije shi. Yana aiki yana ba ni labari: gidajen katako masu ɗaki ɗaya da rufin ciyawa, da wutar murhu da ba a bari ta mutu, in ta mutu a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi, yaran da suke cin abinci a tsaye, biyu a akushi ɗaya, mutanen da Turawan suka tarar a ƙasar, waɗanda suka koya musu binne kifi a ramin shukar masara. In ya zo kan baƙaƙen fatar da aka kai gonakin taba cikin sarƙa, sai muryarsa ta yi ƙasa. Sunan Umma kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Goggo Asabe, yayar Baba, takan zo daga Ɗan Iya ran Juma'a da tuwo a kwano. Wata rana ta cire mini ɗankwali, ta dubi kaina, ta ce, "Sani, ka ji tsoron Allah. Rabon yarinyar nan da kitso tun yaushe? Namiji ba ya riƙon 'ya mace shi kaɗai."

Asabar ɗin da ta biyo baya babu aiki. Muka zauna a tabarma, ya ba ni labarin sanyin farko da ya sami wani ayarin Turawan nan, yadda ciwo da yunwa suka kashe kusan rabinsu, mata suka fi mutuwa. Na ce, "Baba, yaran da iyayensu mata suka mutu fa?" Ya ce, "Wasu gidajen suka ɗauke su." Na ce, "Ubanninsu fa?" Ya ce, "Suna nan. Suna zuwa ganinsu." Na gane. Na ce, "To."

Washegari ya ɗauki akwatina da kansa ya sa a tasi. Ƙeyar direba na kalla har Ɗan Iya.

Goggo ta riƙe ni tsakani da Allah, na tashi cikin 'ya'yanta, kaina bai sake kwana ba kitso ba. Baba yakan zo duk mako, ya zauna a zaure, ya tambayi karatu, ya tafi kafin magariba. Labarin Amurka bai sake tasowa ba har ya rasu.

Yanzu in keke ya bi da ni ta Yelwa, nakan ga gidan. An yanka shi ɗaki-ɗaki ana ba ɗalibai haya, an rufe rijiyar da siminti, janareta yana ruri inda muke shimfiɗa tabarma. Na san yadda mutanen wata ƙasa suka rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, daki-daki. Yadda Baba ya rayu shi kaɗai a gidan nan, har yau ban sani ba.