Amya Uku a Saman Gidanmu na Mansur

Ranar wata Juma'a ce a farkon kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, na tsaya a saman gidanmu na unguwar Mansur a Makka da jarka a hannu, ina leƙen matakala kamar ɓarauniya. Kwana biyar ke nan babu ruwa a unguwa, tankinmu ya ƙafe, wayit ɗin, wato tankar da ke kawo mana ruwa, kuma kullum sai direban ya ce bukura, wai gobe. Ga maryul ɗina, wato rigar makaranta, ta sha miyar kuka tun ranar Laraba, kuma abla, malamarmu, ta riga ta tsayar da ni gaban aji ta nuna wa kowa tabon. Gobe Asabar makaranta, don a lokacin Alhamis da Juma'a ake hutu. Ruwan da ya rage a gidan, ban da na sha, shi ne wannan jarka ɗaya da kakana ya ware wa ƙudan zumansa. Na juye shi kaf a baho, na zuba omo, na hau cuɗa.

Sidi muke ce wa kakan nawa, yadda yaran Makka suke kiran nasu. Mutumin ƙasar Kazaure ne, ya zo aikin hajji da ƙuruciyarsa ta hanyar Sudan, bai sake komawa ba. Babanmu yana da iƙama, takardar izinin zama, ta wajen aikinsa, amma ta Sidi ta mutu tun ba a haife ni ba, saboda haka duniyarsa ba ta wuce Harami da saman gidan nan ba. A can ya jera amya uku na kututturen dabino a kan bulo, ya yi musu rumfa da tsofaffin buhuna. Da kaka ta kama sai aiki ya taso masa, don ƙudan sun fito daga zafin bazara a rame. Zai busa musu hayaƙin kwalin ƙwai, ya kankare tsutsar da ke cin saƙa da wata guntuwar wuƙa, ya kwaɓa laka ya rage bakin kowace amya saboda rina, mu kuma jikoki a ba mu silifa mu yi ta bugun rinar. Ni aikina ɗaya ne: in cika kaskon ruwansu safe da azahar, in daidaita tsakuwar da suke tsayawa a kai su sha. Kullum sai ya ja min kunne, "Amarya, ƙudan da ya sha a gida ba ya zuwa maƙwabta." Ni kuwa yarinya ce mai rawar kai, ina zuba ruwan hankalina yana kan 'yar gala-gala a lungu.

To, ranar Sidi ya tafi Harami tun hantsi, kuma in ya je Juma'a sai bayan magariba. Zafin Makka ba ya san an shiga kaka. Kafin la'asar kasko ya bushe ƙayau, ƙudan suka bazu neman ruwa, suka samu mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta maƙwabcinmu Ammu Salim tana ɗigar da ruwa a bakin ƙofarsa. Ƙaramin ɗansa ya fito ya sa hannu, suka harbe shi a fatar ido. Ihun yaron har yanzu yana kunnena. Ammu Salim ya tare Sidi a ƙofar gida, jijiyar wuyansa a tashe, ya ce, "Ya Hajji, wallahi mako ɗaya na ba ka ka raba mu da ƙudan nan, in ba haka ba in kira hukuma." Kowa a lungun ya san abin da hakan ke nufi. Ba ƙudan zuma za su tsaya tambaya ba, takarda za su ce a nuna, daga nan sai tarhil, a ɗora tsoho a jirgi zuwa garin da babu sauran wanda ya san shi. Shi kuwa burinsa ɗaya a duniya, ƙasar Makka ta rufe shi.

Kai, ban taɓa ganin mako irin wannan ba! Wayit ya zo ranar Lahadi, na cika kasko har yana zuba, na ƙara faranti biyu, na jiƙa buhunan rumfa, amma ina! Ƙudan zuma in ya koyi mashaya ba ya saki. Ina ji ina gani su tsallake ruwana su nufi ƙofar Ammu Salim. Na daina wasa, na kasa cin abinci, a aji ma sai in ji kamar buzu-buzunsu a cikin kaina. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai in ruga in leƙa ko hukuma ce. Sidi da gwiwarsa ba ta bari ya hau sama fiye da sau ɗaya a yini, sai ga shi yana hawa yana sauka, ya ɗauki wuƙar kankara ya ajiye, ya zauna ya miƙe. Sau nawa na bi shi don in faɗa masa gaskiya, sai in juya in sauko. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Ranar Alhamis da sassafe wani Balarabe mai kiwon zuma a kwarin hanyar Ɗa'if ya zo da a-kori-kura ya ɗauki amyoyin zuwa can, don lokacin furen sidir ne, kurnarmu ke nan. Sidi da kansa ya toshe bakin amyoyin da tsumma, ya ƙi karɓar komai, sharaɗinsa kawai kada a kwashe musu zuma duka. Da motar ta sha kwana na fashe da kuka, na ce, "Sidi, ni ce na wanke maryul da ruwansu." Yana duban hanya ya ce, "Na ga rigar a igiya tun ranar, Amarya. Ta fita tas." Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya, shekara shida bayan nan, aka yi masa salla a Harami aka rufe shi a Makka kamar yadda ya roƙa. Amma a shekarun nan shida ban ƙara ganin ya hau saman gidan ba.

Yanzu a unguwar Shisha nake, hawa na huɗu, ruwa ba ya yankewa, injin wanki yana gama da kayan makarantar 'ya'yana kafin in gama shayi. Zuma a kwalba muke saye, yaran ba su taɓa ganin amya ba, in na ba su labari da Hausa su amsa min da Larabci. Sidi ya samu kabarin da yake so, Alhamdu lillahi. Abin da yake tashi dominsa da safe ne na raba shi da shi.