Gishirin da Inna ta Tara

Jiya na ga gishirin Keana a kasuwar Lafiya, sai Inna, uwar mijina, ta faɗo mini a rai. Tun muna jihar Filato, duk sati takan sayi mudu biyu wurin wata mai marayu huɗu, don kada jarinta ya karye. Gishiri ya taru a ɗaki, da damina har daɓe yake jiƙawa.

Wata rana a gaban matar na ce, "Inna, na ɗaki ma wa zai cinye?"

Matar ta sunkuyar da kai, ta ɗauki kwanonta. Ba ta ƙara zuwa ba.

Inna ta ce, "Da sana'arta take shigowa gidan nan. Yau kin mayar da ita mai bara."

Allah ya rufa wa Inna asiri yadda ta rufa wa wasu, ni kuma ya yafe mini bakina.