Teburin Mutum Uku a Gidan Ramen

Rana ba ta ɗaga ba muka fito daga unguwarmu ta Stapleton, ni da 'yar yayana, don cin wata taliyar Japan mai romo da ake kira ramen. Washegari za ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa. Babanta bai so tafiyar ba, har an kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ita ta gayyace shi cin abincin. Tasi yake ja, ya ce zai same mu can in ya samu fasinja daga filin jirgin sama na JFK.

Muka hau jirgin ruwa na kyauta zuwa Manhattan, tsakiyar birni, iska na neman tafiya da mayafina, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa mai ƙara kamar injin niƙa. Ba a ma buɗe gidan abincin ba, layi ya sha kwana. Na ce, "Ke, rabon kayan agaji ake yi?" Ko murmushi ba ta yi ba, idonta na kan waya.

Mai tsaron ƙofa ya ce ba a ba da tebur sai waɗanda za su zauna a kai sun cika. Layi ya zo kanmu, babu Yaya, aka shigar da na bayanmu. Na buga masa waya bai ɗauka ba.

"Gwaggo, ba zai zo ba," ta ce.

Na ce cunkoson motoci ne, alhali ni ma ban sani ba. Mai ƙofa ya ce saura kira ɗaya ya soke mu. Sai ga Yaya a guje, gumi sharkaf, ya ajiye mota can nesa.

Ciki a matse yake, gwiwa na gugar gwiwa. Ta zaɓa mana na ganye, don yawancin romonsu na alade ne. Yaya ya yi ta fama da tsinkaye biyun da ake ci da su maimakon cokali, taliya na sulluɓewa, har ta kama yatsunsa ta gyara masa. Ya kurɓi romo, bai ɗago ba ya ce, "Gobe kada ki hau bas. Ni zan kai ki."

Da la'asar muka dawo gida a motarsa. Ni dai taliyar gishiri ya yi mata yawa. Amma na koyi cewa yayana, duk taurin kansa, ba ya iya barin 'yarsa tsaye a bakin ƙofa.