Farfelar Safaya

Jirgin na mu biyu ne, ni da wana. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da akwati. Haka muka raba aikin tun ranar da muka ɗaura wa kwalekwalen mahaifinmu inji a bakin gulbin Gummi, don Yaya irin mutanen nan ne da idan inji ya tashi yau, to a wurinsu ya gama tashi har abada. Ni kuwa ban taɓa yarda da ƙarfe ba, kuma na san ba a ƙofar shagon bakanike yake lalacewa ba.

Fito na kullum, daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba ya bukatar wani tanadi. Inji ya mutu, ka ɗauki gora ka tura, ga gari can kana hange. Amma idan damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya watsu cikin fadama, hanyoyin tungayen da ke ƙasa sukan yanke, sai mu riƙa yi musu doguwar tafiya da gishiri da man gyaɗa da buhunan taki. A nan ne akwatina yake da magana.

Tsohon akwatin ƙarfe ne na Inna, na roƙe ta ta bar mini. Filogi na ciki, a nannaɗe cikin leda don kada damshi ya taɓa su. Akwai igiyar tada inji, wadda na sha faɗa a kanta, don matan gidanmu sun gano babu igiyar da ta kai ta riƙe akuya. Akwai robar famfon da ke jawo ruwa yana sanyaya inji. Yashin gulbinmu cin ta yake yi, ranar da ta gaji kuwa sai ka ji inji ya yi zafi kamar tukunya. Sai sifana da filaya, da kaɗa, wato auduga, da kwalta na toshe ɓula. A cikin wani gwangwanin madara nake tara fil. Fil ɗan ƙarfe ne mai laushi da ke riƙe farfela, wato fankar da ke tura jirgi cikin ruwa, da gangan aka yi shi ya karye idan farfela ta daki kututture, don ɓarnar ta tsaya a kansa. Can ƙasan akwatin, cikin tsumma, farfelar safaya take kwance. Har Gusau na je kafin in samu wadda ta dace da injinmu. Yaya yakan ce wa fasinja su yi hankali kada su zauna a kan kantina, wai ni kaɗai ne mai kanti a tsakiyar ruwa. Nakan ƙyale shi ya yi dariyarsa.

Wata damina saƙo ya zo daga tungar su Kawu. Kawu wan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun rasuwar mahaifinmu ba su ƙara magana ba. Bai zo ta'aziyya ba, bai aiko ba, ita kuma Inna ba ta tambayi dalili ba, ta dai daina ambatonsa. Mai kawo saƙon ya ce jikin Kawu ya yi tsanani, ya ce a gaya wa ƙanwarsa ta zo. Washegari da safe muka tarar da Inna a zaure da ƙullin kayanta a gefe, ta yafa mayafinta na unguwa. Ta ce mu kai ta ta gan shi da rai, akwai maganar da za su yi.

Ruwa ya cinye hanyar babur. Ta daji kuwa, a shekarar nan ba mai hankalin da ke bin ta. Sai gulbi. In aka tashi da safe, inji bai yi gardama ba, ana isa kafin rana ta yi sanyi. Na buɗe akwati na duba komai sau biyu, Yaya yana tsaye yana cewa in yi sauri, ba aikin hajji za mu ba.

Tafiya ta yi kyau har rana ta take. Inna na zaune a tsakiya kan tabarma, ta riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Ba ta son gudu, don haka Yaya ya sassauta. Mun shiga wani wuri da babu gari ko gona, sai itatuwa tsaye cikin ruwa, sai muka hangi jirgi ɗaure a gindin wata giyayya, mutane na ɗaga mana riguna. Baƙi ne, masu haƙar zinariya, daga jin Hausarsu ka san ba 'yan ƙasarmu ba ne. Sun baro ramukan wajen Bukkuyum da injin niƙansu, za su gangara wani sabon wuri. Tun jiya suke nan, garin tuwonsu ya ƙare, sun kwana ba wanda ya runtsa don tsoron abin da ka iya fitowa daga daji.

Na leƙa bayan injin jirginsu, raina ya ɓaci nan take. Fil ɗinsu ya karye tun a hanya, matuƙin ya rasa wani, sai ya cusa ƙusa ta kafinta. Ƙusa ba ta karyewa. Da suka sake dukan itace, farfelar ce ta tashi, kunne biyu sun tafi. Na ce masa wannan ai ba tsautsayi ba ne, sakarci ne. Ya sunkuyar da kai. Injinsu kuma irin namu ne sak.

A gulbi ba a wuce jirgin da ya tsaya, wannan na sani tun ina yaro. Na ce mu ba su abincinmu, in mun isa tunga mu turo musu mutane. Yaya bai ko dube ni ba.

"Buɗe akwatin ga, miƙo farfela," in ji shi.

Na ce masa ita ke nan gare mu, ga ruwa cike da kututture, ga abin da ya fito da mu. Ya ce tamu lafiyarta lau, Allah na nan. Na ce Allah na nan lokacin da na tafi Gusau ma. Muka yi ta yi a gaban baƙi, abin kunya. Da na ga ba zan iya da shi ba sai na juya wurin Inna, na tabbata za ta goyi bayana, tunda tafiyar tata ce.

"Ni ban san wata farfela ba," ta ce. "Ku dai ku kai ni."

Yaya ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ni da hannuna na ɗaura musu ita, na sa musu fil na gaske, har na ƙara musu wani, ina yi ina huci. Suka yi ta godiya da sa albarka, suka tada inji suka yi gaba. Su ba tsohuwa a jirginsu, nan da nan suka ɓace mana. Mu muka tsaya muka yi azahar a wani tudu, sannan muka bi baya.

Ba mu yi nisa ba muka daki abu. Fil ya karye, na canza, muka ci gaba, Yaya har yana yi mini murmushi. Na biyun ba kututture ba ne, dutse ne ko wani tsohon ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ban gan shi ba. Jirgi ya girgiza har Inna ta yi salati. Da na ɗago injin, kunne ɗaya ya fita gaba ɗaya, ɗayan ya lanƙwashe. Na sa sabon fil na gwada, inji ya riƙa jijjiga kamar zai tsage katako. Na kashe shi. Na zauna a kan akwatin da ke cike da komai, ban da abin da muke bukata.

Yaya ya ɗauki gora, na ɗauki filafilin tuƙi. A fadama ruwa ba ya gudu, shimfiɗe yake, kuma inda ya yi zurfi gora ba ta taɓa ƙasa. Muka yi ta fama har tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Ba jirgi ko ɗaya da ya biyo bayanmu. Inna ta tambaya sau ɗaya ko da saura, Yaya ya ce kaɗan. Ƙarya yake yi, ita ma ta sani. Rana ta faɗi muna wata tungar masunta, dole muka kwana a nan, don ba a bin wannan ruwa da duhu.

Da hantsi muka isa. Tun daga mashigi na ga maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu, na san an gama. Jiya bayan la'asar ya cika, kafin magariba aka kai shi. Inna ta sauka da kanta, ba ta yarda an kama ta ba, ta wuce cikin gida. Muka gaisa da maza, muka yi addu'a, sannan aka kira mu ciki mu yi wa matar Kawu gaisuwa.

Ita ce ta ba da labarin, ba da wata manufa ba, yadda dai ake ba da labarin mamaci. Ta ce tun safe kunnensa na gulbi. Wajen la'asar aka ji ƙarar inji na tahowa daga sama, sai ya buɗe ido.

"Ga ta nan. Ku tashe ni zaune, ku ba ni hulata."

Suka jingina shi da bango, suka sa masa hula, ya gyara wuyan rigarsa da kansa. Ƙarar ta matso, ta zo daidai mashigi, ta wuce. Wani ya leƙa ya dawo ya ce baƙi ne da injin niƙa. Ta ce Kawu bai yarda a kwantar da shi ba, ya ce wani jirgin na tafe a baya. A zaune ya cika.

Yaya ya tashi ya fita, na ji takunsa ya nufi gulbi. Ni na kasa motsi. Haushi nake ji, na Yaya, na mai ƙusa, na kaina, kuma har yau bai gama sauka ba. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta dubi ko ɗayanmu ba. Ta tambayi matar Kawu wane bango ne. Aka nuna mata. Ta tashi ta je ta zauna a wurin, ta jingina bayanta, ta ce mu koma gida, ita sai an yi bakwai.