Ƙafata da Mutumin da Na Kulle

Shekara biyu ban rubuta komai a dandalin nan ba. Wasunku sun ɗauka na mutu. Waɗanda suka san ina kwance kuma ba su leƙo ba, ina sane da su.

Ga wanda bai san ni ba: na yi jami'a, na koyar da nahawu shekaru masu yawa, na ƙare a haris, mai gadin wani gidan saukar baƙi a unguwar Harra ta Gabas, a Madina. Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi.

Na daɗe da ciwon sukari, amma ƙuna ce ta kwantar da ni. Na fito daga sallar azahar a Harami na tarar an ɗauke min takalmi, na tako kwalta har gida. Ban ji zafi ba. Washegari tafin ƙafar hagu ya ɗuri ruwa.

Mu a Harra wanzami muke fara nema. Baba Isa, wanda ya yi wa ɗana kaciya, ya duba ya ce mataccen jini ne. Ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya shafa zuma ya ɗaure. Har addu'a na yi masa.

A lokacin gidan cike yake da mutanen Gaza. Sun zo umara, suna haɗa kaya aka rufe mashigarsu ta Masar. Jirgi ya ƙi ɗaukarsu, bizarsu ta ƙare, fasfunansu na ofis a kulle. Mai gidan ya miƙo min kwaɗo da takardar sunaye.

"Ya Abu Usman, in ɗaya ya ɓace ni za a ci tara, kai kuma ka nemi wani aikin."

Safe da yamma ina jan ƙafa bene huɗu ina kiran suna. Ba sa so na, ni ma ba na son su. Wata tsohuwa "ya Takruni" take ce min, wato baƙar fata, ba ta taɓa tambayar sunana ba. Ni kuma in ce musu ba ubana ne ya rufe iyaka ba.

A cikinsu akwai Abu Samir, ma'aikacin jinya ne a garinsu. Wata safiya ina kiran suna ya katse ni.

"Ya hajj, zauna. Na san warin nan."

"Banɗakinku ne."

"Cire safar."

Ya kwance tsumman, ya danna min makulli a yatsa, ya ce ko ina ji. Na ce a'a.

"Wane jaki ne ya tsaga ƙafar mai sukari?"

"Wanda ya yi wa ɗana kaciya."

"To ɗanka ya yi sa'a. Kai in ka kai jibi, daga gwiwa za a yanke."

Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ni. Na kira ɗana Usman a Yanbu, na yi masa bayani da Hausa, ya amsa da Larabci, "bukra inshallah, abuya," wai sai gobe. Maƙwabcina mai mota ya ce sai ya tashi daga ƙailula.

Abu Samir ya ce in buɗe kwaɗon ya raka ni asibiti. Na ce ba shi da takarda, ga shingen bincike ko'ina.

"In ka je kai kaɗai za ka ce musu ƙuna ce, su ba ka man shafawa su sallame ka. Ni na san abin da zan faɗa."

Na buɗe.

A asibiti kalma kaɗan ya gaya wa likita aka ɗora ni a gado. Ya gyara min matashi ya tafi.

Hoto, gwajin jini, allura ta jijiya sau huɗu a rana. Kowace safiya a kankare ruɓaɓɓen nama ina kallo. Likita ya ce, "Yatsu biyu sun tafi. Sauran za mu gani." Duk sanda na farka sai na ɗaga bargo na duba. Ni da na yi wa mutane wa'azin tawakkali, kuka na yi a gaban 'yata Hadiza.

Ita ce ta gaya min a rana ta uku. An tare Abu Samir a hanyar komawa, babu fasfo, biza ta ƙare. An wuce da shi tarhil a Jidda, inda ake tsare waɗanda za a kora. A kora shi ina, iyakar a rufe?

Sati biyar na yi. Gado kyauta ne tunda ina da tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, amma aikin ya tafi tun ranar da na buɗe kwaɗon. Bandeji da takalmin masu sukari Hadiza ce ta sayar da awarwaronta ta saya. Baba Isa ya aiko a gaya min da na bari ya yi ƙaho na biyu da ba a kai ga haka ba.

Da aka buɗe mashigar na 'yan kwanaki, sauran suka tafi. Shi ban sani ba. Sau biyu na je Jidda da sanda. Mutumin da ke taga ya ce, "Kai wane ne nasa?" Na ce ni ne mai gadinsa. Ya ce in matsa, akwai layi.

Yanzu ina tafiya, ina ruku'u ina sujada a kan ƙafata. Alhamdu lillahi. Na gode wa Hadiza da likitan nan. Sauran ku riƙe gaisuwarku.

Mai sukari, ka duba tafin ƙafarka kullum, ko da madubi. Ka sa takalminka a leda ka shiga da shi masallaci. Kada aska ta taɓa ƙafarka, ko wanzamin ubanka ne. Rashin jin zafi ba lafiya ba ce.

Cikakken sunan Abu Samir na haddace shi, safe da yamma na kira shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, kada na ƙara jawo masa. In cikinku akwai mai mu'amala da mutanen Gaza, ya tambaya min wani ma'aikacin jinya da aka tsare a Madina saboda wani baƙin tsoho. A gaya masa ba a yanke daga gwiwa ba.